Daga Kano zuwa Gwanzu: nawa ne nisan, kuma wace hanya ce ta fi kusa?

"Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Shekara da shekaru aike nake yi ana sayo mini kaya a Chaina, bana na ce zan je Gwanzu da ƙafata. Na duba nisan a intanet sau uku, kowane wuri da abin da ya ba ni: wani 10,900, wani 6,800, wani 5,900. Sannan wani ejan ya ce in bi ta Addis Ababa, wani ya ce ta Alƙahira ta fi kusa, abokina kuma ya rantse ta Doha ce. Tikitin da aka nuna mini ya ce a tashi Kano ƙarfe 1:30 na ranar Litinin, a sauka ƙarfe 4:00 na yammacin Talata. Wato kusan awa 27 ke nan mutum zai yi a sama? Don Allah a warware mini, ni ban taɓa wuce Jidda ba."

Alhaji, barka kadai, Allah ya sa a je a sa'a. Sana'ata tsara hanyar jirgi ce. Kafin matuƙi ya hau, akwai wani a ofis da ya riga ya fitar masa da takarda mai ɗauke da inda zai bi, tsayin da zai hau, man da za a zuba masa, da filin da zai nufa idan na farko ya ƙi saukuwa. Wannan kujerar nake kai shekaru masu dama, kuma irin tambayarka ita ce abincinmu kullum safiya. Abu uku ka haɗa a ciki: wace lamba ce gaskiya, wace hanya ce gajeriya, da kuma inda awoyin nan 27 suka fito.

Lambobin nan uku da ka gani duk gaskiya ne, mudu ne ya bambanta. Na farko kilomita ne. Na biyu mil ne irin wanda Amurkawa da Ingilishi suke auna titi da shi, kowane ɗaya mita 1,609. Na uku mil ɗin ruwa ne, wanda mu mutanen jirgin sama muka gada daga matuƙan jirgin ruwa, shi kuma mita 1,852 ne. Ka raba kilomita 10,940 da 1.609 za ka ga kusan 6,800, ka raba da 1.852 za ka ga kusan 5,900. Kamar yadi da mita ne a shagonka, atamfar dai ita ce. Don ka kwatanta da abin da ka sani, Kano zuwa Legas ta sama wajen kilomita 830 ne, Kano zuwa Jidda wajen 3,400. Gwanzu, wadda za ka ga an rubuta Guangzhou a tikitinka, ta ninka tafiyarka ta Jidda sau uku har da ɗoriya. Kewayen duniya baki ɗaya kilomita 40,000 ne da ɗan kai, ka ga za ka ci fiye da rubu'inta.

Zare a kan lemo

Yadda ake samun wannan 10,940 ɗin shi ne abin da ya fi rikita mutane, domin idonmu ya saba da taswirar bango ta makaranta. Taswirar nan shimfiɗaɗɗiya ce, duniya kuwa dunƙulalliya. Ka ɓare lemo ka ce sai ka shimfiɗe ɓawon a kan tebur, dole ya yage ko ka miƙa shi da ƙarfi. Irin taswirar da ta fi yawo, wadda Gerardus Mercator ya fitar a 1569, miƙewar ta zaɓa: duk yadda ka yi nesa da tsakiyar duniya zuwa arewa ko kudu, haka ƙasashe suke kumbura a kanta. Don haka idan ka ɗora rula daga Kano zuwa Gwanzu a kan irin wannan takarda, layin da ka ja ba shi ne mafi kusa ba.

Ga gwajin da nake yi wa yaran da ake turo mana koyon aiki. Sami kankana ko ƙwallo, ka ɗiga alama biyu nesa da juna, ka ɗora zare daga wannan zuwa waccan ka ja shi ya yi tsam. Inda zaren ya kwanta nan ne hanya mafi gajarta. Da za ka ci gaba da nannaɗe zaren har ya dawo inda ya fara, zai raba kankanar gida biyu daidai wa daida. Wannan muke kira babban da'ira. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana kan digiri 12 arewa, 8.5 gabas. Filin Baiyun na Gwanzu yana kan digiri 23.4 arewa, 113.3 gabas. Idan aka yi lissafi, kusurwar da ke tsakaninsu daga cibiyar duniya digiri 98.4 ce, kowane digiri kuma kilomita 111.2 ne a doron ƙasa. Ka ninka, sai ga 10,940.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne a wurinmu, shi ne lissafin alƙibla. Malaman falaki na da, irin su Biruni, sun yi aiki a kansa kusan shekara dubu da suka wuce, don mutumin da ke nesa ya san inda Ka'aba take. Mu a Kano mukan ce an fuskanci gabas, amma duk wanda ya taɓa ɗora kamfas ya san alƙiblarmu gabas ce maso arewa, wajen digiri 68 idan ka fara ƙirga daga arewa. To abin da zai ba ka mamaki, Gwanzu daga Kano tana kan digiri 64 ne. Da za ka tsaya a kan dardumarka ka karkata hagu kaɗan ka miƙe ba tsayawa, can za ka ɓulla.

Bari in bi da kai kan zaren. Daga Kano zai ratsa kudu maso gabashin Nijar, ya shiga arewacin Chadi, ya tsallaka Sudan ta wajen Wadi Halfa kusa da iyakar Masar, ya haye Bahar Maliya ya shiga Saudiyya tsakanin Jidda da Madina. Daga nan ya wuce arewa da Riyad kaɗan, ya bi ta kan Baharen, kudancin Iran, Pakistan, ya kai ƙurewar hawansa arewa dab da Delhi, wajen digiri 28.7. Sannan ya fara gangarowa ta Nepal da Butan, arewacin Myanmar, lardin Yunnan na Chaina, har Gwanzu. Lura da cewa ita Gwanzu tana digiri 23 ne kawai, amma hanya mafi kusa sai da ta haura har 28 da rabi kafin ta sauko. Shi ya sa a allon da ke bayan kujera za ka ga layin ya lanƙwasa kamar baka, ka zaci direba yawo yake yi da ku.

Abin da ke hana jirgi bin zaren

A takarda ke nan. A aikace ban taɓa tsara doguwar tafiya da ta bi babban da'ira daga farko har ƙarshe ba. Sama ma tana da tituna. Akwai wurare masu suna, galibi haruffa biyar, da aka sa a matsayin mahaɗa, jirgi kuma daga wannan zuwa wancan yake tafiya. An kuma yanka sararin samaniya yanki-yanki, kowane da masu kula da shi. Na Najeriya gaba ɗaya da sunan Kano ake kiransa a takardunmu, hukumar NAMA ce ke riƙe da shi. Kana fita sai ka faɗa hannun ASECNA, mai kula da sararin Nijar da Chadi da sauran ƙasashe da dama na renon Faransa. Kowace ƙasa sai an nemi izinin wucewa, kuma kowace tana karɓar kuɗinta gwargwadon nauyin jirgi da nisan da ya ci a samanta. Wani lokaci mukan zaɓi hanyar da ta fi tsawo da ɗan kaɗan saboda kuɗin wucewar ya fi sauƙi. Ita Chaina kuwa yawancin sararinta a hannun soja yake, titunan da aka bar wa jiragen fasinja ƙayyadaddu ne, ba a yanke ƙwana yadda aka ga dama.

Sai duwatsun Himalaya, waɗanda zaren ya bi ta kansu kai tsaye. Jirgi yana iya wucewa ta samansu, tunda yakan tashi sama da mita 10,000, Everest kuma 8,849 ne. Matsalar ita ce ranar da abu ya lalace. Idan iskar da ake matsawa a cikin jirgi ta zurare, abin shaƙar nan da ke faɗowa daga saman kujera na mintuna ne kawai, a jirage da yawa bai wuce minti 12 zuwa 22 ba. Kafin ya ƙare dole matuƙi ya sauko zuwa wajen mita 3,000 inda mutum zai iya numfashi da kansa. To tudun Tibet kansa ya haura mita 4,000, ina za a sauko? Haka idan inji ɗaya ya mutu, jirgin ba zai iya riƙe tsayinsa ba, a hankali zai yi ta yin ƙasa. Don haka jiragen da ke zuwa kudancin Chaina daga yamma sukan zame kudu, ta tsakiyar Indiya da Bangladesh da Myanmar, su bar duwatsun a hagunsu.

Na uku shi ne rikici, kuma a nan na fi daɗewa ina fama. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, aka rufe sararin ƙasar, alhali jigilar alhazai saura 'yan makonni. Sudan kuwa a kwance take a tsakanin mu da Jidda, ba ta inda za ka ja miƙaƙƙen layi ka kauce mata. Arewa da ita Libiya ce, wadda kamfanoni da yawa suka daɗe suna gudun samanta. Jirage da dama sai suka koma zagayawa ta kudu, ta Kamaru da Afirka ta Tsakiya har gabashin Afirka, sannan su hauro ta Habasha. Tafiyar da aka saba yi a awa huɗu da rabi zuwa biyar ta koma wajen bakwai, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗi, aka yi ta ja-in-ja. Na tuna dararen da na yi a ofis a wancan lokacin ina sake lissafi. Ƙarin awa biyu ba ƙarin mai na awa biyu ba ne kawai, domin shi kansa man da ka ƙara nauyi ne, sai ka ƙona wani man don ka ɗauke shi. Jirgi kuma yana da iyakar nauyin da zai tashi da shi, musamman da rana tsaka a zafin Kano. Duk tan ɗin man da ya shiga, sai wani tan na kaya ya fita. Mutanen da suka yi ta zaginmu a filin jirgi don jakunkunansu sun biyo jirgin baya ba su san daga nan abin ya taso ba.

Ba a gama da wannan ba sai ga juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, suka rufe samansu daga 6 ga Agusta har 4 ga Satumba. Jiragen Turai masu zuwa Najeriya suka koma bin gaɓar yamma. Ba mu kaɗai ba ne. Tun da aka hana jiragen Turai bin sararin Rasha a 2022, tafiyar Helsinki zuwa Tokyo ta tashi daga wajen awa tara zuwa goma sha uku. A 2019 ma Pakistan ta rufe samanta na tsawon watanni bayan ta yi hannun riga da Indiya. Garuruwan suna nan inda suke, hanyar ce take miƙewa tana tsukewa.

Addis, Alƙahira ko Doha

Yanzu ga gardamar ejan-ejan ɗinka. Zan ba ka lissafin miƙaƙƙen layi na kowane zango. Ta Addis Ababa, Kano zuwa can wajen kilomita 3,330, daga can zuwa Gwanzu wajen 8,040, jimla 11,370. Ta Alƙahira, 3,100 da 7,990, jimla 11,090. Ta Doha, 4,750 da 6,200, jimla 10,950. Abokinka bai yi rantsuwar banza ba. Doha kusan a kan zaren take zaune, wanda ya yada zango a can kamar bai kauce ko taku ɗaya ba.

Sai dai akwai ƙura a ciki. Lokacin da Qatar Airways ya fara zuwa Kano a 2022, haɗe yake da Abuja. Idan jirginka zai fara gangarawa Abuja kafin ya nufi Doha, ka ƙara kilomita 365 zuwa kudu, daga Abuja zuwa Doha kuma ya haura 5,000, jimlar ta koma wajen 11,580. Hanyar da ta fi kowace kusa a takarda ta zama mafi nisa a cikin ukun, ga sauka da tashi da zaman jira a cikin jirgi. Sannan duka ukun akwai inda zangon farko yake cin karo da wurin da ake kauce wa. Layin Addis da na Doha Sudan suke ratsawa, na Alƙahira kuma Libiya. Kowane kamfani da yadda yake zagaye nasa, kuma hakan yana sauyawa da yadda al'amura suke a ƙasa.

Amma dubi girman abin da ake gardama a kai. Tsakanin mafi kusa da mafi nisa bai fi kilomita 600 da 'yan kai ba. Babban jirgi yana cin wajen 900 a awa. Wato duk rantsuwar nan a kan minti 40 ake yinta, a tafiyar da za ta ci maka yini da kwana. Ni a ganina wanda ya zaɓi tikiti don kilomita ya bar jaki yana dukan taiki. Abin da ke tsawaita tafiya ko gajarta ta shi ne zaman jira a filin da za ka sauya jirgi. Wani tikitin awa uku za ka jira, wani awa goma sha huɗu, kuma taswira ba za ta nuna maka wannan ba.

Ina awoyi 27 suka fito

Daga 1:30 na ranar Litinin zuwa 4:00 na yammacin Talata awa 26 da rabi ne a fuskar agogo. Amma kowane lokaci da ke kan tikiti agogon garin da abin ya faru ne. Chaina tana gabanmu da awa 7, kuma duk faɗinta agogo ɗaya take bi, na Beijin. Sa'ad da ka sauka ƙarfe 4:00 na yamma a Gwanzu, a Kwari ƙarfe 9:00 na safe ne, yaranka ma yanzu suke buɗe shago. Cire 7 daga 26 da rabi, saura 19 da rabi. Wannan ce tafiyarka ta gaskiya.

A cikinta ma ba duka a sama ba ne. Lokutan da ka ambata sun yi kama da hanyar Addis, don haka bari in ƙiyasta da ita. Kano zuwa Addis awa biyar ko ƙasa da haka kaɗan, ka isa wajen ƙarfe 8:00 da 'yan mintuna na dare a agogonsu, tunda suna gabanmu da awa 2 kamar Saudiyya. Ka zauna wajen awa huɗu. Bayan sha biyun dare ka hau na biyu, ka yi wajen awa goma da rabi. A sama ke nan wajen awa 15, sauran a kan benci. A dawowa kuwa abin zai juye, tikitin zai nuna kamar tafiyar gajeriya ce ƙwarai, domin awa bakwan da aka ci ka bashi za a mayar maka.

Tashin tsakar daren nan ba don a wahalar da ku ba ne. Filin Bole na Addis yana kan tudu, sama da mita 2,300, Kano kuwa ba ta kai 500 ba. A irin wannan tsayi iska ba ta da kauri, inji ba ya samun cikakken ƙarfi, fiffike ba ya ɗauka sosai, zafin rana kuma yana ƙara tsinka ta. Jirgin da ya cika tanki don tafiyar kilomita 8,000 ya fi samun sauƙin tashi da sanyin dare. Ga kuma tsarin kamfanin na tara fasinjojin Afirka da yamma a raba su Asiya da Turai cikin dare.

Wani abin da zai ba ka mamaki a zangon nan na biyu shi ne gajartar dare. Gabas kuka nufa, kuna tarar rana, don haka alfijir zai keto 'yan awoyi kaɗan bayan tashi, kafin ka farga azahar ta yi a inda kuke. Kada ka dogara da agogon hannunka wajen asuba, ka riƙa leƙa taga da allon taswira. Hukuncin haɗa salla da kasaru na malamai ne, ka tambaye su kafin ka tashi, ni iyakata in gaya maka inda rana za ta kasance.

Iska

Lokacin da ke kan tikiti ma ba lokacin tashi sama ba ne zalla. Daga sa'ad da aka ture jirgi daga ƙofa ake fara ƙirga har ya tsaya a ɗaya ƙofar, da tafiyar ƙasa da layin jiran titi duk a ciki, kamfani kuma yakan ƙara 'yan mintuna na ko-ta-kwana. Abin da ya fi motsa lissafin shi ne iska. Jirgi a cikin iska yake iyo kamar kwalekwale a kogi. Idan yana gudun 900 iskar kuma tana tura shi daga baya da 150, a ƙasa 1,050 yake ci. Idan gaba take busowa, 750.

A tsayin da jirage ke bi akwai wata iska mai ƙarfi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas. Da hunturu takan sauko kudu ta bi ta kan Masar, Saudiyya, arewacin Indiya har Japan, gudunta yakan wuce kilomita 200 a awa. Wanda ya tashi daga Alƙahira ko Doha zuwa Gwanzu a watan Janairu ita za ta kai shi, a dawowa kuma ita zai yi ta kokawa da ita, bambancin zuwa da dawowa ya haura awa guda. Da damina labarin daban ne. Waccan ta koma arewa, wata kuma daga gabas take tasowa a saman kudancin Indiya da tekun Larabawa har zuwa Afirka, sai mai dawowa gida ya samu turi. Shi ya sa hanyar da na tsara jiya ba lallai in maimaita ta yau ba. Kwamfuta tana kawo mana hasashen iska na kowane tsayi, mu nemi hanyar da ta fi ƙarancin lokaci da mai, ko da ta fi yawan kilomita.

Za ka iya tambaya, to me ya hana a tashi daga Kano a dire Gwanzu kai tsaye? Ba gazawar jirgi ba ce. Boeing 787-9 da Airbus A350 duk suna wuce kilomita 13,000 ba tare da sun sha mai ba, Singapore Airlines ma yana tashi daga Singafo zuwa New York, sama da kilomita 15,300, a awa 18 da wani abu. Da akwai, Kano zuwa Gwanzu wajen awa 13 zai ci. Abin da babu shi ne mutum 300 masu zuwa gari ɗaya a rana ɗaya, sau uku ko huɗu a mako, shekara ta zagayo. Addis da Doha da Alƙahira suna tara na Kano da na Legas da na Akara da na Duwala su cika jirgi ɗaya. Kano ma ta taɓa cin wannan kasuwar. Jiragen farko da suka sauka a nan, ranar 1 ga Nuwamban 1925, na sojan saman Ingila ne guda uku da suka taso daga Masar ta Khartum, kwana shida suna hanya. A shekarun 1950 kuma jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka a Kano suke tsayawa shan mai. Da aka ƙera masu dogon zango sai suka riƙa wuce mu ta sama.

Abin da zan duba da ni ne

Ni mai tsara hanya ne, farashi da jadawali da sharuɗɗan biza na ejan ne da ofishin jakadanci, kuma suna sauyawa daga wannan kaka zuwa waccan. Lambobin da na ba ka na miƙaƙƙen layi ne tsakanin filaye, abin da jirgi zai ci a ranar tafiyarka zai ɗara su da ɗaruruwan kilomita. Amma da ni zan saya, abin da zan fara cewa ejan ya nuna mini shi ne jimlar awoyi daga tashi zuwa sauka, da tsawon jira a tsakiya, zuwa da dawowa. Jiran da bai kai awa biyu ba ina tsoronsa ga wanda bai san filin ba, jirgin Kano ya makara da minti 40 shi ke nan ka kwana. Wanda ya wuce awa takwas kuma sai in tambaya ko kamfanin yana ba da masauki, da ko ana buƙatar bizar wucewa.

Zan tabbatar tikiti ɗaya ne tun daga Kano har Gwanzu. Idan biyu ne aka haɗa maka don ya yi araha, ranar da na farko ya makara na biyu ba ruwansa da kai, kayanka ma sai ka karɓa ka sake aunawa a tsakiya. Zan tambayi kilo nawa aka yarda a dawowa, tunda ɗan Kwari ba ya dawowa da jaka ɗaya, kuma kuɗin ƙarin kaya yakan cinye rangwamen da aka yi murna da shi. Idan tafiyar ta faɗo a Afrilu ko Oktoba, lokacin babban baje kolin Kanton da ake yi a Gwanzu, kujera da otal duk tsada suke, a kama da wuri.

In kuma dawowarka ta faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu, kada ka sa wani muhimmin alƙawari a ranar saukarka. Idan ƙurar hunturu ta yi kauri a Kano har matuƙi bai iya hango titi a iyakar da doka ta sa masa, zai yi 'yan zagaye ya wuce filin da muka rubuta masa tun a ofis, galibi Abuja. Man wannan kaucewar da na ƙarin minti 30 a sama duk an riga an zuba su tun kafin ku taso, sai dai masu tarbarka su koma gida su dawo washegari.